Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu gidajen shafa dabbobi da hukumomin da ke ba su lasisi, a kan kunkuru da 'yan uwansa masu jan ciki

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe, ina muku fatan alheri.

Wasiƙar nan taku ce ku masu gidajen da ake yankan tikiti a shiga da yara su shafa dabbobi su ba su abinci a hannu, kuma taku ce ku jami'an da ke zagawa kuna dubawa kuna sa hannu a takardar lasisi. Ni dai uba ne kawai, ba likitan dabbobi ba, amma wata kusan shida kenan maganar nan tana cina a rai, na karanta abin da zan iya karantawa na kuma zauna da waɗanda aikinsu kenan, yau dai nace bari in fitar da ita in huta.

Abin da ya faru shi ne na kai 'yata da ɗan ƙanena irin gidan nan, bazan kama suna ba dan ba shi kaɗai bane, kuma gaskiya an kula da wurin, ga zomaye da ɗan ɗakinsu da suke shigewa in sun gaji da yara, ga awaki da tumaki ga ɗan ƙaramin doki a inuwa, har da wata yarinya ma'aikaciya mai kirki da ke cewa yara ku bar wannan zomon ya huta ya gaji. Na ji daɗin hakan wallahi. Sai muka zo garken awakin, can a tsakiya kan dandaɓen siminti ga wani kunkuru, bayansa duk ya yi tsini-tsini tudu-tudu, ba ramin da zai shige ba kwanon ruwan da bakinsa zai kai, awaki suna tsallake shi wata ma ta ɗora ƙafa a kansa tana miƙa wuya ta karɓi abinci, yara kuma suna ta ƙwanƙwasa bayansa kamar ƙofa wai ya fito da kai. Wani yaro ya sungume shi sama da hannu biyu sai kunkurun ya saki fitsari shaa, kowa ya kwashe da dariya. Nace wa saurayin da ke kula da wurin dan Allah ƙanena a sauke shi mana, sai yace min cikin ladabi fa ba rashin kunya ba, Baba kar ka damu ai ba ya jin komai, ƙoƙo ne kawai. A mota 'yata ta tambaye ni wai me yasa zomo yana da ɗaki shi kuma kunkuru ba shi da shi.

Bahaushe yace labarin zuciya a tambayi fuska, to nan ne matsalar kunkuru take, shi fuskarsa ba ta bada labari. Akuya in an matsa mata zata yi kuka, zomo zai zabura, kare zai yi gurnani, shi kuwa kunkuru ko maciji ko ƙadangare shiru zai yi, ranar da yake lafiya da ranar da ciwo ke cinsa fuskar ɗaya ce a idon wanda bai sani ba. Kuma halittarsu ce su ɓoye rashin lafiya, dan a daji wanda ya nuna rauni shi ake fara ci. Ga shi jikinsu a hankali yake aiki, basa ƙona abinci da sauri irin namu, saboda haka mutuwar ma a hankali take zuwa musu, abin da zai kashe zomo a sati ɗaya sai kunkuru ya shekara biyu uku yana jan jiki da shi. Shi yasa in mai gida yace min ai shekararsa biyar a wurinmu kuma yana nan da ransa bana ɗaukar wannan a matsayin hujja sam. Dabbar da a ƙa'ida take haura shekara 50, wasu jinsin su haura 100, akwai ma Jonathan na tsibirin Saint Helena da aka ƙiyasta an ƙyanƙyashe shi wajen 1832 ya zarce shekara 190, ace shekara biyar ce abin alfahari? Haba dai.

Bari in fara da maganar ƙoƙon nan tunda ita ta tayar min da hankali. Ƙoƙon bayan kunkuru ba riga bace da ya saka, ba kuma gida bane da ya shiga, jikinsa ne, ƙasusuwa ne sama da 50 da suka haɗe, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa duk a ciki suke a manne, sannan aka lulluɓe da wani abu irin na farcenmu. Akwai jini a ciki akwai jijiyoyin ji, in ka shafa ya sani, in ka ƙwanƙwasa ya sani, in ya fashe jini zai zuba kuma ciwo ne na karayar ƙashi. To ku duba abin da ake masa, a ɗora jariri a kai a ɗauki hoto, a shafa masa fenti a rubuta lamba ko sunan gidan, wasu ma har huda gefen ƙoƙon suke a ɗaura igiya kar ya tafi. Sannan huhunsa a sama yake dab da rufin ƙoƙon, kuma ba shi da tantanin nan da mu muke numfashi da taimakonsa, saboda haka in yaro ya kifa shi ya kwanta rigingine duk kayan cikinsa huhun suke dannewa, in a rana ne kuma ya kasa juyowa zafi kaɗai ya isa ya gama da shi.

Fitsarin nan da aka yi wa dariya kuwa tsoro ne tsagwaronsa. Kunkurun tudu, musamman na wuraren da ruwa ke wuya, mafitsararsa ita ce tulunsa, a nan yake ajiye ruwa jikinsa ya riƙa ja a hankali, in ya firgita sai ya zubar. Duk abin da ke ɗaga kunkuru sama daga ƙasa a daji cinye shi zai yi, to shi bai san bambancin hannun yaro da bakin kura ba. Ku lissafa sau nawa ake ɗaga shi a ranar da wuri ya cika, a kuma wurin da ba ruwan da zai sha ya mayar.

Sai maganar zafi, wadda nake ganin ita ce aka fi jahilta. Dabbobin nan jikinsu ba ya haɗa ɗumin kansa kamar na akuya, daga waje suke samu, su fita su sha rana in sun ɗau zafi su koma inuwa, haka suke yini suna kai da komo, da wannan ɗumin suke narkar da abinci da shi garkuwar jikinsu ke aiki. Kenan abin da suke buƙata wuri ne mai ɓangaren ɗumi da ɓangaren sanyi su zaɓa da kansu, kunkura da yawa wurin shan ɗuminsu wajen digiri 32 zuwa 35 ne, ƙadangaren Ostireliya mai gemu nasa ya kai wajen 40, kowane jinsi dai da nasa. In ka fito da maciji daga akwatinsa ka yini kana yawo da shi hannu zuwa hannu a wuri mai sanyi ko ɗaki mai iyakwandishan to ka raba shi da abin da yake rayuwa da shi, zai yi laushi ya daina motsi, mutane suce kai wannan akwai haƙuri, alhali sanyi ne ya kama shi. In kuma ka ajiye kunkuru kan siminti da tsakar rana ba inuwa ka gasa shi. Akwai kuma dutsen ɗumi na lantarki da ake sayarwa da ƙwan fitila marar kariya, likitocin dabbobi sun gaji da ganin ƙuna a cikin macizai da ƙadangaru saboda su, dabbar zata kwanta a kai tana neman ɗumi fatarta na ƙonewa bata tashi ba.

Hasken ma haka. A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, ana ce masa UVB, shi ke sa fatarsu ta haɗa bitamin D3, shi kuma bitamin ɗin ke sa jiki ya iya ɗaukar sinadarin kalsiyam daga abinci ya gina ƙashi. In babu shi jiki sai ya koma yana zaro kalsiyam daga ƙashin kansa, ƙoƙo ya yi laushi har ka danna ya lotsa, muƙamuƙin ƙadangare ya zama kamar roba, ƙafafu su lanƙwashe, ƙashi ya karye ba tare da an buge shi ba. Abu biyu nake so ku riƙe dan Allah. Gilashin taga na yau da kullum yana tare wannan hasken, saboda haka ajiye akwatin a bakin taga bai wadatar ba ko da rana na haska shi fes. Na biyu ƙwan fitilar UVB yana daina fitar da UVB ɗin tun yana ci gaba da haske, ka ganshi a kunne ka ɗauka yana aiki, yawanci tsakanin wata 6 zuwa shekara ɗaya ake canza shi gwargwadon irinsa, kuma akwai 'yar na'ura ta hannu da ake aunawa da ita. Jami'in da ya leƙa ya ga fitila a kunne ya yi maki a takarda bai duba komai ba, ku yi haƙuri da na faɗa haka amma gaskiya ce.

Tsini-tsinin da na gani a bayan kunkurun nan ma ba ado bane, lafiyayyen ƙoƙo a yawancin jinsi sumul yake tashi. A 2003 wasu masu bincike a jami'ar likitancin dabbobi ta Viyana sun raini 'ya'yan wani jinsin kunkuru da ake kira sulkata a yanayi daban-daban, suka ga waɗanda aka raina a busasshiyar iska ba danshi su ne bayansu ya fi yin tudun nan. Dalili kuwa a daji ɗan kunkuru cikin rami mai laima yake yini. Kuma in ƙoƙo ya riga ya tashi a haka ya tashi kenan har abada, duk gyaran da za a yi daga baya sai dai ya hana ƙaruwa.

Tunda na ambaci sulkata bari in ɗan tsaya a kansa, dan shi aka fi gani a gidajenku. Yana jariri a tafin hannu zai zauna, gwanin sha'awa, amma shi ne na uku a girma a duk kunkuran duniya bayan na Galapagos da na Aldabra, namiji yana wuce kilo 50 hankali kwance, yana tona rami mai tsawon mitoci, yana ture shinge, maza biyu in aka haɗa su zasu yi ta karo har ɗaya ya kifar da ɗaya, mace ɗaya da namiji a ƙaramin wuri kuma bazai barta ta huta ba. Asalinsa yankin Sahel ne a gefen kudu na hamadar Sahara, ciyawa yake kiwo, busasshiya da ɗanya, abinci mai yawan harza. To a garken awaki me yake ci? Dusar awakin da ta zube da abin da yara suka miƙa masa na 'ya'yan itace da biskit da guntun leda. Abinci mai yawan furotin yana wahalar da ƙodarsa, in ya haɗu da ƙarancin ruwa sai tsakuwa ta taru a mafitsara, wani lokacin ƙatuwa sai an yanka ƙoƙon ciki an ciro ta. Kuma shi ba ya baccin hunturu irin na kunkuran yankin Bahar Rum, wanda ya bar shi a sanyi wai zai yi bacci ya tashi to ciwon huhu zai tarar. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa wata ƙasa dan kasuwanci. Saboda haka tambaya biyu ce ya kamata a yi wa duk mai neman lasisi, daga ina ka samo shi ina takardarsa, sannan in ya kai girman da ba ka iya ɗaga shi nan da shekara 15 ina zaka kai shi. Wuraren da ke karɓar kunkuran da aka gaji da su a ƙasashe da dama sun cika maƙil da sulkata saboda ba a yi wannan tambayar tun farko ba.

Macizai da ƙadangaru nasu ya fi ɓoyuwa ma. Ƙaramar mesar nan da aka fi rataya wa yara a wuya a ɗauki hoto, wadda ke dunƙulewa kamar ƙwallo har sunanta ma daga nan aka samo shi, ana cewa wai ita ce mafi sanyin hali, to dunƙulewar nan da cusa kai cikin jiki kariyar kai ce, tsoro take ji. Da dare take harkarta, da rana cikin rami take son zama, mu kuma da rana muke zuwa. Macijin da ya ci abinci a ƙyale shi aƙalla kwana biyu in ba haka ba zai amayar, wanda zai yi saɓa kuma idonsa ya yi fari-fari ba ya gani sosai a firgice yake, lokacin ne ma yafi saurin sara, bai kamata a fito da shi ba kwata-kwata. Ku duba akwatin da ake mayar da shi bayan an tashi, in maciji bazai iya miƙe jikinsa gaba ɗaya a ciki ba ya yi masa kaɗan. Tsaka mai ɗigo-ɗigo in yaro ya kama wutsiyarta zata yar da ita ta gudu, kuma a wutsiyar take ajiye kitsenta, wata sabuwa zata fito amma ba kamar ta farko ba. Ƙadangare mai gemu in gemunsa ya yi baƙi ya buɗe baki yana faɗa muku ya isa haka. Hawainiya kuwa ni a ganina ko kusa kar a saka ta cikin dabbobin taɓawa, a kalle ta daga nesa kawai, yawan ɗauka yana karya ta.

Nasan wani zai ce duk wannan a kan dabbar da ko sunanta bata sani ba. To ba haka bane. Wata mai bincike Anna Wilkinson da abokan aikinta sun nuna a 2010 cewa kunkuru mai jajayen ƙafafu na Kudancin Amurka yana koyon zagaye shinge ya kai ga abinci ta hanyar kallon ɗan uwansa ya yi, daga baya suka nuna ƙadangare mai gemu yana koyon buɗe 'yar ƙofa in ya kalli wani ya buɗe. A gidan zu na Viyana an koya wa manyan kunkura su bi wata ƙwallo a kan sanda su ciza a ba su lada, aka dawo bayan shekara 9 aka gwada waɗanda suka rage sai ga shi basu manta ba. Dabbar da ta riƙe darasi shekara 9 kuna ganin bata riƙe hannun da ke sungumarta kullum ba? Kuma wannan binciken ni a wurina albishir ne gare ku masu gida, tunda suna koyo ana iya saba musu su zo da ƙafarsu. Kunkuru da yawa suna son a sosa musu wuya, suna miƙo shi da kansu su ɗaga jiki.

Wannan shi ne babban roƙona, ku ba shi zaɓi irin wanda kuka ba zomo. A yi masa wurinsa shi kaɗai ba tare da awaki ba, ƙasa ta gaske da zai iya tonawa, ga ciyawa ga ɗan kwarmin ruwa marar zurfi da zai shiga ya jiƙa jiki ya fita da kansa, ga maɓoya can ciki inda hannun kowa ba ya kaiwa, katangar kuma ta zama wadda ba ya hango waje ta cikinta dan shi bai gane gilashi ko waya ba, zai yini yana tura kai yana goge hanci yana neman wucewa. Yara su tsuguna a gefe ɗaya, in ya taho su shafa shi a hankali yana tsaye da ƙafarsa huɗu a ƙasa, in ya juya ya tafi shikenan ya tafi, ba mai jawo shi. Ba ɗagawa ba hawa ba ƙwanƙwasawa. Macizai da ƙadangarun da dole sai an riƙe su kuma ma'aikaci ne zai riƙe, yaro ya shafa da yatsa biyu, a ƙayyade mintunan a rubuta, a samu fiye da ɗaya ana musanyawa, kowanne ya samu ranakun da ba wanda zai taɓa shi.

In ma tausayin dabbar bai motsa ku ba to ga lafiyar 'ya'yanmu. Masu jan ciki da yawa suna ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, tana fita a kashinsu ta shafi fata da ƙoƙo da ƙasa da shinge, kuma damuwa da wahala suna iya ƙara yawan fitarta. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkura da kififiya masu ƙoƙon da bai kai inci 4 ba tun 1975, dan yara suna kai su baki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta can, CDC, har yau shawararta ita ce yaran da basu kai shekara 5 ba da tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki kar su taɓa irin dabbobin nan. A 1996 a gidan zu na Denver gomman mutane yawancinsu yara sun kamu bayan sun je kallon ƙaton damon Komodo, kuma ba dabbar suka taɓa ba, katakon shingen da aka kewaye ta da shi suka dafa, waɗanda suka wanke hannu kuwa akasari sun tsira. To a gidan da na je kwalbar sanitaiza ɗaya ce a rataye kuma ta ƙare, ga mai sayar da kayan ƙwalama dab da ƙofar garken. Famfo da sabulu ake buƙata a daidai hanyar fita, mai tsayin da yaro zai kai, da ma'aikacin da zai tsaya yace a wanke.

Yanzu gare ku ranku ya daɗe masu bada lasisi. Dokokin da yawa an rubuta su ne da dabbobi masu gashi a rai. Babbar dokar walwalar dabbobi ta tarayyar Amurka ta 1966 har yau bata haɗa da masu jan ciki ba, mutum zai iya baje kolin macizai da kunkura jami'in tarayya bai da hurumin duba su ƙarƙashinta. Ingila ta ɗan yi gaba, dokarsu ta 2006 ta shafi duk dabba mai ƙashin baya da ke hannun mutum, kuma tun 2018 mai ajiye dabbobi dan nuna wa jama'a sai ya karɓi lasisi daga ƙaramar hukuma. 'Yancin nan biyar da majalisar walwalar dabbobin gona ta Birtaniya ta tsara a 1979, kar dabba ta zauna da yunwa da ƙishi, ko takura, ko ciwo, ko tsoro, kuma a barta ta yi ɗabi'arta, ba inda aka ce banda kunkuru. Amma rubuta a bashi muhalli mai dacewa a takarda ba ya kare shi, dan kowa zai ce nasa ya dace. Dabbar da fuskarta bata magana sai awo ya yi magana a madadinta. Ku rubuta digiri nawa a ɓangaren ɗumi nawa a ɓangaren sanyi ga kowane jinsi, danshi nawa, ƙarfin UVB nawa, faɗin wuri nawa gwargwadon girman da dabbar zata kai ba girmanta na yau ba. Jami'inku ya zo ba sanarwa kuma ranar da wuri ya cika da mutane, da ma'aunin zafi da na UVB a jakarsa, ya nemi littafin da ake rubuta nauyin kowace dabba wata-wata dan ramewa ita ce alamar farko da sikeli ke gani ido bai gani ba, ya nemi sunan likitan da ya san masu jan ciki dan ba kowane likitan dabbobi ne ya karance su ba. Ya tambayi inda ake killace sabuwar dabba aƙalla wata uku kafin a haɗa ta da sauran, saboda akwai cututtukan hanci da na baki da ke bin kunkura, wani jinsin yana ɗauke da su lafiya lau wani kuma su hallaka shi. Sannan ya nemi lissafin waɗanda suka mutu. Wannan na ƙarshen shi na fi so ku riƙe, dan ƙadangare ko ɗan kunkuru yana da sauƙin mayewa, ya mutu yau a sayo wani gobe a ci gaba da kiransa da sunan na farko, baƙo bazai taɓa ganewa ba, kuma in ba a tilasta rubutawa ba ku ma bazaku gane ba.

Ku kuma masu gida wallahi ni ba maƙiyinku bane, bana neman a rufe muku sana'a. Na ga idon 'yata ranar da ta fara ganin kunkuru yana tauna ganye a gabanta, abin da littafi bazai bata ba kenan, kuma yaron da ya taɓa maciji da hannunsa ya ji ba sulɓi ko ƙazanta a jikinsa da wuya ya girma yana kashe duk wanda ya gani. Nasan fitilu da wuta da likita kuɗi ne, nasan baƙo ya biya yana son hoto kuma in an hana shi ɗauka zai ɓata rai. Amma wanda bai da halin ɗaukar nauyin nan gara ya tsaya a kan awaki da zomaye da ya iya, ba dole sai da kunkuru ba. Kuma ku koyar da yaranku ma'aikata, saurayin nan da yace min ƙoƙo ne kawai ban riƙe shi a rai ba ko kaɗan, abin da aka gaya masa ya maimaita, rashin sani ya fi dare duhu, kuma duk yaron da ya ji shi a ranar ya tafi gida da wannan karatun. Mu da muka tashi da labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, bata ciyar da ita ba bata kuma sake ta ta nemi nata ba, mun san dabbar da ka killace amana ce a wuyanka ko tana kuka ko bata yi.

'Yata tana ta damuna mu koma, kuma zamu koma in Allah ya yarda. Kafin in yanki tikiti zan tambaya a ƙofa ko an raba kunkurun nan da awaki, ko an yi masa maɓoya da wurin ruwa, ko an daina barin yara suna ɗaga shi. In an yi zan shiga in yi godiya in kuma kawo wasu, in ba a yi ba zan miƙa wa manaja kwafin wasiƙar nan hannu da hannu, ɗayan kwafin kuma in kai ofishin da ya ba su lasisi.

Na gode da haƙurin karantawa. Wassalam.

Naku,
wani uba